Ƙugiyar Ewald Kocur

Idan ana neman mutumin da bai taɓa zama har kujera ta yi ɗumi ba, to taubashina Ewald Kocur ne. Gwaggo Cila ta sha rantsewa cewa ba haihuwarsa ta yi ba, gajiya ya yi da jira ya fito. Yana ɗan shekara sha huɗu ya shiga ramin kwal kamar ubansa, can ma bai bar komai ya huta ba. Ka ajiye fitilarka ka juya baya, sai ka tarar ya kwance ta wai yana neman inda hasken yake kwana.

Abu ɗaya dai ya yi na kirki. A ƙarƙashin ƙasa akwai gangaren da kekunan kwal kan kuɓuce su dawo da baya, su karya mai turawa. Ranar da wani keke ya murƙushe ƙafar abokinsa, Ewald ya lanƙwasa guntun ƙarfe ya yi ƙugiya mai cafke katakon layi da zarar keke ya juyo. Kafin ka ce kwabo ramukan yankinmu na Silesiya sun kwaikwaya, ba wanda ya tambayi maƙerinta.

Sai aka ja iyaka a 1922. Gidansa ya faɗa Poland, ramin ya faɗa Jamus, kullum sai ya nuna katin wucewa kafin ya je ya shaƙi ƙurar da ya saba shaƙa. Wata jaridar Jamusawa ta buga hoton ƙugiyar, ta ce ga hikimar Bajamushe. Ta Polawa ta mayar da martani, ta ce ɓarayi, hannun ɗan Poland ne. Nan fa aka tuna da Ewald.

Shugaban rami, Wuttke, ya kira shi ofis. "Kocur, ranar bikin Waliyyiya Barbara za ka hau dandamali ka faɗa wa jama'a Bajamushe ne ya ƙera ta. Ko katin wucewar nan ya fara yi maka nauyi a aljihu?"

"Bai yi ba, yallaɓai."

Da yamma kuma ga Zaremba, ɗan Poland malamin makarantar unguwa, ya zo har gida, ya ƙi zama. "Maƙwabci, ranar biki muna jiran mu ji ka ce kai namu ne. Kwanan nan tagogin waɗanda suka manta asalinsu sai fashewa suke, ni ma abin na ba ni mamaki."

To ga shi nan: ya ce Jamus, gida ya gagare shi zama; ya ce Poland, ya rasa aiki, da 'ya'ya biyar masu cin dankali kamar fara.

Ewald ya shiga sintiri. Daga ƙofa zuwa murhu, daga murhu zuwa ƙofa, har daɓen ya lotsa. Ni na gani da idona, sai da matarsa Truda ta riƙa tsallake kwari kafin ta kai ga tukunya.

"Zauna, maigida, ka sa miya na juyawa da kanta," in ji ta.

Na ce, "Taubashi, karya ƙugiyar biyu mana, ka ba kowa rabi."

"Kai da aka koro daga aji uku, rufe mini baki."

"Aji huɗu. Kuma ni ba wanda ke neman fasa mini taga."

Ranar biki ta zo. Al'adarmu, kafin ganga da giya, mahaƙa kan sa baƙaƙen kaya da huluna masu gashin tsuntsu su tafi coci, kowa ya kunna kyandir gaban mutum-mutumin Waliyyiya Barbara, mai tsaron masu shiga rami. Cocin ɗaya ne, masu jan iyaka sun manta su raba shi. Wuttke na dama, Zaremba na hagu, kowa na hararar Ewald da ido ɗaya.

Da layi ya zo kansa, Ewald ya zaro ƙugiyar farko daga cikin riga, duk ta yi tsatsa, ya rataye ta a ƙafar mutum-mutumin. Ya ɗaga murya yadda na bayan ƙofa zai ji. "Uwa, ga kayanki na dawo miki da shi. Ke kika nuna mini a mafarki, ni lanƙwasawa kawai na yi."

Wa zai ƙaryata Barbara a gaban mutanen da gobe za su sauka ƙasa da sunanta a baki? Zaremba dai bai haƙura ba. A bakin ƙofa ya tare shi. "Da wane harshe ta yi maka magana?"

Wuttke ya matso da kunne.

Ewald ya ce, "Ba ta yi magana ba, malam. Da yatsa ta nuna."

Kati ya zauna a aljihu, tagogi suka tsira. Amma tun daga ranar kowa ƙugiyar Barbara yake ce mata, har 'ya'yansa. Sai sintirin nasa ma ya ƙaru. Ya ci gaba da ƙere-ƙere a rumfar tantabarunsa, yana ɓoyewa ƙarƙashin buhu, ba ya nuna wa kowa. Har ya tsufa, in zai wuce mutum-mutumin sai ya cire hula da ladabi, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ko sannu babu."

Ni kuwa duk safiyar da muka haɗu sai na ce, "Taubashi, an yi mafarki jiya?" Takalmansa da ya jefe ni da su sun isa a buɗe shago.