Ranar da Na Yabi Ruwa a Gaban Injiniya

Shekara uku na yi ina tuƙa wani injiniya ɗan ƙasar Sin a Riyad, daga masaukinsa a unguwar Shifa zuwa wurin ginin da kamfaninmu ke yi. Gajere ne mai saurin tafiya, ba ya faɗa, ba ya kuma hira. Magana ɗaya na san shi da ita. Idan sanyi ya shigo, sama ta yi garau babu ko ɗigon girgije, sai ya tsaya a bakin mota, ya ɗaga kai ya ce, "Jintiyen tiyenci han haw." Wani dattijonsu mai dafa musu abinci, da yake ya iya ɗan Larabci, shi ya fassara mini: wai yau gari ya yi daɗi. Ni abin dariya yake ba ni. Rana a Riyad har abin yabo ce?

A lokacin 'yata ta fari tana da wata takwas, ban taɓa ganinta ba sai a waya. Hutu nake so in je gida, amma sai injiniya ya sa hannu, kwarjininsa kuma ya hana ni buɗe baki. Da na kai wa dattijon kukana, sai ya ce, "Kada ka faɗa masa gatsau. Mu da yanayin gari muke buɗe zance. Jira ranar da gari ya yi daɗi, ka yaba, ya amsa, sannan ka kawo buƙatarka."

Na haddace kalmomin tsaf, har a layin sayen gurasa a unguwar Utaiƙa ina maimaita su. Sai na zauna jiran rana mai daɗi. Sati shida cur! Kullum sama garau, injiniya yana yabonta, ni ina cewa a raina ba yau ba. Ɗan manomi ne ni, gari mai daɗi a wurina sai da hadari.

Wata Talata da hantsi hadarin ya haɗu, ruwa ya sauko, ƙasa ta ɗauki ƙamshi irin na gida. Wallahi har ƙwalla na yi. Na ruga wurin injiniya. Yana tsaye ya jiƙe sharkaf, leburori suna ta guje-guje da leda suna rufe kankaren da aka zuba da safen nan. Ban ma lura ba. Na washe baki na ce, "Jintiyen tiyenci han haw!"

Ya dube ni, ya dubi kankarensa. Na ce shi ke nan, hutu ya tafi, iƙamar ma, wato takardar izinin zama, Allah ya kiyaye. Sai kawai mutumin nan ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

A mota, da gurguwar Larabcinmu da nuni da hannu, ya tambaye ni, "Wannan ne mai daɗin?" Na ce a garinmu idan ruwa ya sauka har gaisuwarsa muke yi wa juna. Ya ce mahaifinsa ma manomin alkama ne, a tsakar gida yake tsayawa ruwa ya doke shi.

"Me kake so?" in ji shi. "Sati nawa kana leƙena ta madubi."

Na miƙa masa wayata da hoton jaririyar. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ciro tasa ya nuna mini wata yarinya mai kamar shekara biyar.

"Tawa ce. Ranar da na koma gida, ba ta gane ni ba, 'kawu' ta kira ni." Ya mayar da wayar aljihu. "Yalla, gobe ka kawo takardar hutun. Ka tafi tun ba ta iya magana ba."