Mayen Ƙarfen Ƙanena

A shekarun da kuɗin wuri suka fara ja da baya, kuɗin Turawa suka cika kasuwar Maigatari, ni ake kawo wa sule in gwada. Ƙirar fari muka gada a gidanmu, azurfa da tagulla, don haka kunnena ya san kukan ƙarfe. Sai in saki sule a kan maƙera in saurara. Na kirki amonsa yana da tsawo, na jabu kuwa ƙus yake yi ya mutu. Fataken Damagaram da Fulanin Sule Tankarkar duk a rumfarmu suke tsayawa. Baba yana gefe a kan buzunsa, yana cewa, "Ku ba babban, shi ne mai kunnen."

Ana nan sai ƙanena ya dawo daga Kano, inda ya je aikin hanyar jirgin ƙasa. Ya rame, ya yi baƙi, ko riga ta biyu ba shi da ita. Abin da ya zo da shi kawai wani lanƙwasasshen ƙarfe ne mai jan fenti, ya ce sunansa mayen ƙarfe. Ya kai shi kusa da tabarma, allurai da ƙusoshi suka yi tsalle suka manne. Baba, wanda ban taɓa jin ƙyalƙyalarsa ba, ya yi ta dariya har da hawaye, yana cewa a sake.

Ran kasuwa wata dattijuwar Bafulatana ta kawo munduwa, ta ce ana so a musanya mata da karsanarta. Na jinjina ta a hannu, na buga, na saurara, na ce, "Inna, azurfa ce."

Ƙanena ya ce, "Yaya, bari in ɗan gani."

Yana kai mayen, munduwar ta ɗago ta kama shi, caf. Baba ya karɓa ya sa magagari ya goga. Baƙin ƙarfe ne a ciki, an yi masa rigar azurfa mai kauri. Matar ta yi ta sa wa ƙanena albarka, ni kuwa ko kallona ba ta sake yi ba.

Daga ranar, duk wanda ya zo sai ya leƙa ta bayana ya ce, "Ina mai mayen?" Har daga Gagarawa ake zuwa, wasu ba su da abin gwaji ma, kallo kawai ya kawo su. Na yi ta faɗa cewa mayen bai san jabun dalma ba, kuma gaskiya ne, irin wannan har yanzu ni ake miƙo wa. Amma wa zai taru ya kalli kunne? In na ji ana shewa a gefen ƙanena sai in juya baya in ƙara ƙarfin guduma.

Ƙanen nawa da kansa ya gaya mini in aka goga ƙarfe a jikin mayen yana ɗaukar halinsa. Na sami sanda ta baƙin ƙarfe na yi ta goga har hannuna ya yi kanta. Ranar da ta ɗauki allura ɗaya na kasa zama don murna. Na ce bari in lanƙwasa ta ta yi kama da nasa, na ƙara mata girma. Na sa a wuta, na buga, na tsoma a ruwa. Da na kai ta ga allurar, ko motsi.

Ƙanena ya duba, ya ce, "Ai Yaya, wuta kashe shi take yi. Da ka tambaye ni." Ba da gatse ya faɗa ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Bayan girbi ya koma Kano, ya bar wa Baba mayen. Baba ya sa aka yi masa kube na jar fata, ya rataya a wuya. Idanunsa sun yi rauni, amma in an kawo gwaji shi yake lalubawa ya yi da kansa. In na miƙa hannu sai ya dafe ƙirji ya ce, "A'a, na ƙanenka ne. Kai dai koma kan zugazuginka."