Maman Lab da Ƙaguwar Kogin Kaduna

Shekara talatin da ɗaya ke nan, bakwai na safe ba ta cika sai Madam Hadassah Yakubu ta sauka daga keke napep a ƙofar wata sakandare a Kakuri. Ba malamar aji ba ce, mai kula da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ce. Ta wanke kwalabe, ta goge tebura, ta sauya wa ƙaguwoyinta ruwa a baho. Ɗalibai na kiran ta Maman Lab. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma wallahi ba za mu bari ta tafi shiru ba.

Duk wanda ya ratsa makarantar ya san tarkonta. Sai ta ɗaga ƙaguwa ta ce, "Wannan ƙwaro ne?" Ka ce e, ka shiga uku. "Ƙirga ƙafafun, malalaci! Ƙwaro shida, gizo-gizo takwas, wannan goma har da awartakin gaba. Danginta jatan landen da mamanka ke zubawa a miya." Sannan ta birkice ta: murfin ciki siriri namiji ne, mai faɗi mace ce, nan take goyon 'ya'yanta.

Amma aikin da ya sa na ɗauki biro na shekara huɗu da suka wuce ne. Ɗalibai sittin da huɗu za su zauna jarrabawar fita, ɓangaren gwaji, ranar Litinin ƙarfe biyu, kuma ƙaguwa na cikin abin da za a ajiye gabansu. Ta tanadi goma sha biyu. Ranar Juma'a bayan ta tashi, sabon malamin bayoloji, Mista Benson, ya ga zai taimaka, ya juye gishiri a bahon. Litinin da safe wari ne ya tarbe ta tun daga baranda. Duk sun mutu, sun ruɓe.

"Mama, ni ne," in ji shi. "Littafi ya ce a teku suke."

"Wane teku kuma a Kaduna, ɗana? Waɗannan a ruwan daɗi aka haife su."

Babu ƙaguwa, babu makin wannan tambaya, wasu yaran kuma shekara guda ce za ta tafi musu a banza. Ga shi kayan jarrabawa sirri ne, ba halin a yi shela. Ba ta tsaya faɗa ba. Ta biya kasuwa ta karɓi hanjin kaza wajen masu fiɗa, ta nufi bakin kogi ta bayan Barnawa. An kwana ana ruwa, kogin ya kumbura, gaɓar sai santsi. Mace mai shekara hamsin da shida ta ɗaure zani, ta durƙusa cikin laka, tana zura hanji a ramin ƙaguwa ɗaure da tsinke. Ƙaguwa in ta damƙe ba ta saki, sai a jawo ta a hankali. Da hanjin ya ƙare saura ƙaguwa uku su cika, sai ta zura hannunta.

Ɗaya da rabi ta shigo makaranta, laka har gwiwa, yatsu biyu na jini, goma sha biyu cif a bokiti. Yaran suka zauna suka zana, suka ƙirga ƙafafu, ba su san komai ba. Da sakamako ya fito, ko ɗaya bai faɗi bayoloji ba. Aka yi ta yabon Mista Benson, ita kuwa ta ci gaba da wanke kwalabenta. Makon jiya ne shi da kansa ya miƙe a taron malamai ya fasa ƙwan, yana hawaye.

Ke ce wannan, Mama Hadassah, uwar da ba ta tona asirin ɗa. Ke ce ba a taɓa buga sunanki a takardar kowa ba, alhali yanzu haka Diana, ɗaya daga cikin yaran nan, tana karatun aikin jinya. Mun gode, mun gode ƙwarai. Allah ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma da kuka rage a bakin aiki, ga hanya nan ta nuna muku. In makomar 'ya'yan mutane ta faɗa rami, kada ku tsaya neman mai laifi. Ku ɗaure zani ku zura hannu.