Farar Rigar da Na Ɗinka wa Obi

Ranar Lahadi ce, ƙarshen damina, a shekarar da soja suka fara karɓar mulki. Gero ya shiga rumbu, dawa na tsaye. Na tashi da asuba na dama kunu, na yi wa 'yarmu Rifkatu wanka, lokacin ba ta daɗe da yaye ba. Mijina Obi yana tsakar gida yana haɗa famfo da sifana da gam na faci. A Illela ranar Lahadi kasuwa ke ci, ranar sujadarmu ke nan mu Kirista. Shi kuwa mai gyaran keke ne.

Ni 'yar ƙasar Zuru ce. Shi Ibo ne, amma a Gusau aka haife shi, Hausarsa ma ta fi tawa. Mutum ne mai kyauta, ba ya sha, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Abu ɗaya ya hana ni sakat a aurenmu: Obi bai damu da Allah ba. Ba ƙi ya yi ba. Da ma ƙi ya yi, da na san inda zan kama. In na yi masa zancen zunubi, ya yi dariya ya ce shi wa ya kashe. In na yi zancen ceto, ya ce ai Allah ba ƙaura zai yi ba, yana nan har mako mai zuwa. Haushi kamar in fashe!

Mu 'yan kaɗan ne a garin, a rumfar zana muke taruwa. Ba a yi mana baftisma sai ƙarshen damina, lokacin da tafkin da ke arewa da gari yake cike. Rani na kamawa ya koma taɓo. Tun farkon aurenmu na sayi farin yadi na ɗinka masa rigar shiga ruwa. Kowace shekara sai ya ce baɗi. A safiyar nan na ciro ta daga akwati na shanya a igiya don ya gani. Ya gani sarai. Ya ce in bari kasuwa ta tashi tukuna mu yi magana. Na ce Allah ya shirye ka. Ya hau keke ya fita yana fito.

Da hantsi muna cikin waƙa a rumfa muka ji ƙugin babbar mota daga hanyar kudu. Ba mu kula ba, ranar kasuwa ce. Sai kuwwa ta tashi. Ba irin ta an kama ɓarawo ba ce, wannan ba ta sauka. Shanu suka ɓalle daga kara. Mai bisharanmu ya rufe littafinsa.

"Ku watse! Kowa ya bi ta baya!"

Na saɓi Rifkatu na bi lungu. A hanya na ji ana dukan kwanon shaguna da ƙarfe. Na ji ana kiran sunan ƙabilar mijina. Na ga takalmi wari ɗaya a tsakiyar hanya. Mun daɗe muna jin ana kashe Ibo a manyan garuruwa, amma Obi ya ce nan kowa ya san shi, wa bai yi wa faci bashi ba.

Ina shiga gida sai ga maƙwabcinmu Malam Nomau, falken da ke kai albasa Konni, tsallaken iyaka, a kan jakuna. Ya shigo ta dangar baya, Obi na rataye a kafaɗarsa. An sare shi a haƙarƙari. Jini ya jiƙa wandonsa har ƙafa. Na waiga neman tsumma, babu komai kusa sai farar rigar nan a igiya. Na fizgo ta na ɗaure masa ciki.

Malam Nomau ya ce, "Mi kike jira? Goya ɗiya, mu tai!"

Matar Malam Nomau ta miƙo mini mayafinta ta kan danga don kada a gane ni. Muka ɗora Obi a jaki, aka lulluɓe shi da buhu. Ba mu bi titi ba, akwai mutane da sanduna wajen shingen kwastan. Muka kutsa cikin dawa muka yi arewa. Ganye na yankar fuskata. A bayanmu hayaƙi ya tashi daga layinmu.

Da aka kira azahar muna kwance a cikin gona, don mun ji muryoyi a kan turba. Na toshe bakin Rifkatu da nono, ko da yake babu komai a ciki. Muryoyin suka wuce. Daga inda muke ina hango ƙyallin tafkin ta tsakanin kara. Leɓen Obi ya bushe ya yi fari. Tsoro ya kama ni, ba na masu adda ba. Na ga zai tafi a yadda yake.

Na sunkuya a kunnensa. Na ce Baban Rifkatu, don girman Allah ka kira sunan Yesu, ko sau ɗaya, ni zan faɗa kai ka bi. Ya buɗe ido ya dube ni. Har ya ɗan yi murmushi, irin wanda yake mini in na matsa masa. Ya ce in kwantar da hankalina, ciwon bai kai haka ba, mu isa Konni tukuna.

Ban sake roƙonsa ba. Na ga magana na ƙara masa zubar jini.

Da la'asar muka tashi. Ina riƙe da hannunsa, Malam Nomau na jan jaki. Muna gab da bakin tafki hannun ya yi nauyi. Jakin ya tsaya da kansa. Malam Nomau ya taɓa wuyansa, ya yi salati a hankali. Ni ko kuka ban iya ba.

Wani manomi ya ara mana fartanya bai tambaye mu komai ba. Malam Nomau ya haƙa rami a gindin wani gawo. Ya ce bai san yadda muke suturta namu ba. Na kwance rigar na shiga tafki har gwiwa na wanke ta. Jinin bai fita duka ba. Na ɗebo ruwa da hannu na wanke masa fuska da ƙirji. Muka sa masa ita a jiƙe. Ta yi masa daidai, ko gwadawa bai taɓa yi ba.

Ana kiran magariba muka shiga Konni. Malam Nomau ya damƙa ni ga wata 'yar'uwarsa, ya juya da jakinsa. Ban ƙara ganinsa ba.

Gida ya tafi, keken ɗinkina ya tafi, akwatin aurena ya tafi. Waɗannan na daɗe da daina tuna su. Rifkatu ta girma a Zuru wurin iyayena. Ranar da aka yi mata baftisma, tana fitowa daga ruwa, jikinta na ɗiga, ta tambaye ni ko babanta yana wurin Yesu. Na ce mata ya sa rigar. Iyakar abin da na sani ke nan.