Kunyar Surukata Ta Hana Ni Amsa Wa Likita

A lokacin shekarata biyu a gidan miji, a wani ƙauye kusa da Bakori, kuma duk dangin maigidana sun san ni da kunya. Ko sunan mahaifiyarsa ban taɓa kamawa ba. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yar nan. Ban kai ga haihuwa ba sai wani ƙulli ya fito mini a nono. Daga Funtua aka tura mu Zariya, aka ce cutar daji ce.

Ranar da za a tsara mini magani ana tsakiyar girbin masara, maigidana bai samu zuwa ba, Inna ce ta raka ni. Likita ya yi bayani cewa maganin da za a riƙa ƙara mini ta jijiya yana da ƙarfi, yana iya lalata ƙwayayen haihuwa. Ya tambaye ni ko ina son haihuwa nan gaba, domin akwai abin da ake gwadawa kafin a fara, ko da yake ba tabbas. To jama'a, a gaban surukata zan buɗe baki in ce ina son haihuwa? Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi, na ce duk yadda Allah ya yi daidai ne. Ya sake tambaya, har ya ce ko Inna za ta ɗan ba mu wuri. Ni sarkin kunya na ce a'a, ba komai.

Na warke, alhamdulillahi, gashina ma ya dawo, amma al'ada ba ta dawo ba, yau shekara huɗu. Da muka koma da maigidana, likitan ya ce masu bincike na gwada magunguna a jikin ɓeraye don kare ƙwan mace daga zafin wannan magani, sai dai ba su kai ga mutane ba tukuna. A mota mutumin nan ya ga ina hawaye, sai ya ce ashe ɓerayen da yake kashewa a rumbu ma'aikatan asibiti ne, daga yau ya bar musu zangarniyar dawa guda ladan aiki. Na yi dariya ina kuka. Allah ya sani ina son bawan Allahn nan, ko sau ɗaya bai taɓa goranta mini ba.

Inna kuwa sai bara na iya gaya mata cewa kunyarta ce ta hana ni amsa wa likita, muna zaune muna ɓare gyaɗa. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Haba 'yar nan, da kin ce in fita. Wallahi ni ma maganar na so in yi masa, kunyarki na ji."

'Yan'uwana mata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In likita ya tambaye ki, ki amsa, ko wa ke zaune a wurin. Ban ce da na yi magana da yanzu ina goyo ba, Allah ne masani. Abin da ke cina har yau shi ne sau biyu aka tambaye ni.