Koci a Tashar Lafia

A tashar motar Lafia wani dogon mutum yana zaune kan benci, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa, yana murza ta hagu. Usur na wuyansa, ragar ƙwallayen kwando na gefensa, lambar bayan rigarsa ta koɗe. Ina jin a da shi ake wa tafi a fili; yanzu 'yan mata yake kaiwa gasa Makurdi.

"Koci, rana na yi fa," in ji direba.

"Yi haƙuri, saura Yusra. Ita ce ƙarfinmu."

Wayarsa ta yi ƙara, mahaifiyar Yusra ce. Ya saurara, ya ce, "To, Hajiya, tunda kin hana ta, shi ke nan." Ya numfasa, ya dubi yaran.

"Ku shiga. Rekiya, yau ke ce kyaftin."