Zanen Da Bai Kai Fuska Ba

Da ƙarfe tara na safe ne, ranar kasuwar Faskari, cikin kakar shekarar 1955. Na riƙe lokacin domin a sa'ar ake buga ƙarfen makarantarmu mu fita cin abinci. Waɗanda ke wurin su ne ni, da abokina Tanko, da Baba Na'iya mahauci yana rataye cinyar sa a rumfarsa, sai malamin ajinmu, Malam Bala, wanda ban san yana tsaye a bayana ba. Ina tsugune a gindin ɗorawa da sakaina a hannu, ina zana mahaucin da gawayi, Tanko yana ta ƙyaƙyata dariya saboda girman hancin da na yi wa mahaucin. Da na ga inuwar rawani ta faɗo kan sakainar, sai na saki gawayin na soma shirin bulala. Malam ya karɓa ya duba, ya dubi mahaucin, ya ce, "Wannan hanci ne ka zana, ba Na'iya ba. Wa ya ce maka da fuska ake farawa?" Baba Na'iya ya leƙo da wuƙa a hannu ya ce, "Malam, bar ɗan banza ya ƙara mani tsawo, hancin dai na yafe."

A ranar Malam Bala ya ba ni ƙa'ida, kuma ban taɓa sauya jerinta ba. Da farko tsayuwa: a kan wace ƙafa mutum ya ɗora nauyinsa, ina bayansa ya karkata. Na biyu hannuwa da abin da suke riƙe. Na uku tufafi, yadda suka zauna da inda suka tattare. Fuska ita ce ƙarshe. Yakan ce, "Ai tun daga nesa kake gane ɗan garinku, kafin ka ga idonsa."

Daga nan kasuwa ta zama ajina na biyu. Da asuba in share wa awaki turke, in kai wa jaki harawa, in cika randar kakata daga rijiya, sannan in tsinci gawayin kirya a murhu in cusa a aljihu. Ran kasuwa da la'asar, yara na can suna langa a fili, ni ina rakuɓe a bayan buhunan gyaɗa ina kallon mutane. Na zana Fulani masu tallan nono, wuya a miƙe, ƙwarya uku a kai. Na zana wanzami ya danne kan wani da gwiwa. Na zana masu auduga daga Mairuwa suna jayayya da jakinsu, da wani dattijo mai sayar da igiya wanda barci ke ɗauka a zaune. Takarda ba ta samuwa, saboda haka in na gama sai in goge sakainar da yashi in sake wani. Kafin shekara ta zagayo, in na zana mutum ta baya kawai, Tanko yakan faɗi sunansa.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni, ita ce mahaifiyata, Hajara, mutuniyar Mabai. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wancan zamani uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, wadda muke kira Gwaggo. Gida ɗaya muke da mahaifiyata, zana ce kawai ta raba sashenmu, amma in na shiga sai ta juya ga turmi ko ta ja mayafi. In za ta ambace ni sai ta ce "yaron Gwaggo." Ni ma an hore ni in sunkuyar da kai in na wuce ta. Ba ƙiyayya ba ce. Tuwon da ake aiko mini daga ɗakinta kullum man shanu ya fi yawa a kansa, Gwaggo kuma takan buɗe akushin ta ce, "Maigidana, duba, waccan mai kunyar ta sake zubar da man gida."

Bayanta na san shi sarai. Na san yadda take dogara kan ƙafar hagu in tana daka, da yadda take ɗaure zanenta na saƙi can sama, da tabon ƙuna a gwiwar hannunta. Fuskarta kuwa sai dai gefen kunci in ta waiga, shi ma kamar walƙiya. Na sha gwadawa a sakaina, in na zo wuya sai in tsaya.

A bazarar 1957 mahaifina ya yanke shawarar komawa wajen Sabuwa, inda ake samun sabuwar ƙasa a share daji a yi gona. Aka ce ni in zauna da Gwaggo saboda makaranta. Safiyar tafiya, an fitar da jakuna ƙofar gida ana ɗaura kaya, Gwaggo ta fita tana yi wa mahaifina faɗa a kan yadda ya ɗaure tukwane. Ina zaune a bakin ɗaki ni kaɗai sai na ga ƙafafun mahaifiyata sun tsaya a gabana. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, kuma wannan ne karo na farko da ta yi mini magana kai tsaye. Ta ce, "An ce kana zana mutanen kasuwa. To ga ni. Yi maza."

Na ɗauko sakaina da gawayi. Na yi abin da aka koya mini. Na fara da tsayuwa, nauyi a ƙafar hagu. Na yi hannuwa, ɗaya riƙe da bakin mayafi, ɗaya tallafe da ƙanwata Ladi da ke goye. Na shiga zanen saƙin, na tsaya ina fitar da ratsinsa ɗaya bayan ɗaya, domin muddin ina kan tufafi ba sai na ɗaga kai ba. Ta ce, "Kai, ɗago mana." Ban ɗago ba. Shekara goma sha ɗaya ana koya mini sunkuyawa, wuyana ya ƙi. Na ce a raina bari in gama ratsin ƙarshe tukuna. Sai muryar Gwaggo ta taso daga zaure tana cewa rana na yi. Mahaifiyata ta ja mayafi ta juya. Da na ɗaga kai, bayanta na gani, wanda na riga na sani.

Ba ta ga kakar wannan shekara ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta tsakiyar damina, kuma saboda lalacewar hanya sai bayan an binne ta labari ya iso mana. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba.

Na yi aikin koyar da zane a makarantun firamare har na ajiye, kuma har yau samari masu yi wa littattafan yara hotuna sukan zo wurina. Ina tura su kasuwa da tasha, ina ba su jerin nan yadda aka ba ni, domin jerin daidai yake. Al'adar ma ban zage ta ba, da ita aka gina mu. Amma yanzu ina ganin jikata ta ɗaga ɗanta na fari sama tana kiran sunansa, suna haɗa kunci suna ɗaukar hoto da waya. Ladi ba ta tuna komai, kuma da mahaifinmu ta yi kama. Dangin da na tambaya sun ce mini kyakkyawa ce, mai haƙuri. Da wannan ba a zana mutum.

Saboda haka ga roƙona. Duk wanda ke da tsohuwa ko tsoho a gida da ya tashi a Mabai, ya tambaye shi ko ya san Hajara ta gidan marina, wadda aka kai aure Faskari. Kada ya tsaya a kan halinta, wannan na sani. Ya tambayi faɗin goshinta, da tazarar idanunta, da ko tana da wushirya, da tsaga nawa ce a kuncinta. Abin da ya samu, komai ƙanƙantarsa, don Allah ya sa a kawo mini tun hannuna yana iya riƙe gawayi.